Gwanintar ɗaukar hoto a tashar masunta ta Elmina

Duk mai waya a hannu zai iya ɗaukar hoto a Elmina ya samu abin nunawa, domin garin ya yi wa mai hoto rabin aiki. A wannan gaɓa ta ƙasar Ghana ga farar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wadda daga baya ta zama kurkukun bayin da ake ketarawa da su teku. Ga kuma ruwan Benya da ya ratsa gari ya faɗa teku, cike da kwale-kwale kafaɗa da kafaɗa, kowanne da fentinsa da tutocinsa. Sai dai idan ka jera hotunan baƙi goma, tara duk iri ɗaya ne: sama ta ƙone fari fat, fuskokin masunta sun yi baƙi ƙirin, teku kuma ya karkace kamar zai tsiyaye ta gefe. Na goman shi ne na wanda ya iya, kuma abin burgewa shi ne sau da yawa kyamararsa ba ta fi ta sauran tsada ba.

Gwanin yakan fara aikinsa tun daren jiya. Elmina tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana kan fito wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma ba ta jan ƙafa, miƙewa take yi sama. Lallausan hasken nan mai ruwan zinariya da masu hoto a Turai ke mora na tsawon lokaci, a nan kafin ka gama gyara tsayuwa ya wuce. Da hantsi ya yi, ruwa ya zama madubi, inuwa ta taurare. Don haka yake hawa tudun da ganuwar St. Jago take tun da jijjifi, inda ake hango tashar da babbar ganuwa a lokaci guda. Gaɓar Ghana kudu take fuskanta, wato rana daga gefe take zuwa. Wannan hasken gefe shi ke fito da saƙar raga, da tsagar katako, da gumin da ke bayan mai jan igiya. Lokacin hunturu kuwa, hazon da muka sani a arewa yakan gangaro har bakin teku tsakanin Disamba da Fabrairu. Da yawa suna tsakinsa saboda yana kashe shuɗin sama, amma wanda ya iya yana maraba da shi, don yana tausasa rana, yana jera kwale-kwale sahu-sahu, na kusa da duhu, na nesa suna dusashewa.

Bayan rana sai ruwa. Teku yana cika sau biyu a yini, tazarar kimanin awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ja baya da kusan minti 50. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A wannan gaɓa bambancin cika da janyewa bai kai mita 2 ba, amma ya isa ya sauya hoto ɗungurungum. Idan ruwa ya janye, duwatsun gindin ganuwa suna bayyana, jiƙaƙƙen yashi kuma yana ɗaukar inuwar sama. Idan ya cika, igiyar ruwa na dukan dutse tana tashi sama. Mai wannan sha'awa yakan duba jadawalin cikar teku a wayarsa ya nemi ranar da janyewar ruwa ta haɗu da fitowar rana, kuma irin wannan ranar ba kullum take zuwa ba.

Inda na fi jinjina wa gwani shi ne wajen auna haske, domin a nan kyamara ke yaudarar mai ita. An ƙera ma'aunin cikinta ne ya ɗauki kowane wuri a matsayin mai matsakaicin haske, toka-toka. Da ta ga farin bango da ƙyallin ruwa sai ta rage haske don ta mai da su toka, mutumin da ke tsaye a gaba kuma ya nutse cikin duhu. Gwani ya san wannan hali nata, sai ya ƙara haske da mataki ɗaya, wani lokaci fiye, yana lura kada kumfar ruwa ta ƙone ta rasa zane. Yakan kuma adana hoton a tsarin RAW, wanda ke riƙe bayanin inuwa da na haske fiye da JPEG, don ya samu abin gyarawa idan ya koma gida. Baƙar fata a gaban farin ruwa jarrabawa ce ta gaske, kuma wanda ya fito da ƙwayar idon masunci ba tare da ya ƙone tekun da ke bayansa ba, ya cancanci a sara masa.

Sai zaɓin saurin ɗauka. A kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, feshin ruwa yana daskarewa ɗigo-ɗigo, ragar da aka wurga tana tsayawa a iska. A kashi 1 cikin 15, idan mai hoto ya bi kwale-kwale da kyamara yayin da yake shigowa, jirgin zai fito sarai, bayansa kuma ya zama zane-zanen launi. Akwai kuma baƙin gilashin rage haske da ake ɗaurawa a bakin kyamara. Mai mataki 10 yana ninka lokacin ɗauka kusan sau 1000, ta yadda abin da za a ɗauka a kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa zai koma kusan rabin minti, teku ya kwanta lumui. Ni dai ina ganin an cika yin wannan salo, kuma bai dace da tasha irin ta Elmina ba. Kwale-kwalen da ke ɗaure ba ya daina rausaya, a rabin minti sai ya zama dabbare. Masu hankali suna ajiye shi don duwatsu da ganuwa, abubuwan da ba sa motsi.

Kayan da ake bukata ba su da yawa. Gilashin kyamara mai zuƙowa daga milimita 24 zuwa 70 ya isa cikin kasuwar kifi, mai 70 zuwa 200 kuma don tsayawa kan gada ko tudu a matso da jirage su cunkushe a hoto ɗaya. Abin da ba a raina shi shi ne gilashin kashe ƙyalli, wanda ake murzawa har walƙiyar ruwa ta ɓace, fentin jirgi ya fito jajir. Ya fi aiki idan rana tana gefenka, ba gaba ko baya ba, kuma yana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu. Matokari mai ƙafa uku kuwa nutsewa yake yi a yashi duk lokacin da ruwa ya ja, shi ya sa ake danna ƙafafunsa sosai ko a nemi dutse.

Gishiri ne babban abokin gaba. Iskar teku tana ɗauke da shi ko ba ka ga feshi ba, yana kwanciya a gilashi, yana cin ƙarfe a hankali. Ka lura da gwani, ba ya canza gilashi a fili cikin iska, ba ya kuma goge shi kafin ya hure yashi, don ƙwaya ɗaya ta isa ta yi masa zane na har abada. A gida yakan shafe jikin kyamara da tsumma mai ɗan danshin ruwan famfo, ya wanke ƙafafun matokari, ya ajiye kayan cikin akwati mai murfi tare da ƙullin silika mai tsotse laima, domin a wannan yanayi fumfuna kan tsiro a cikin gilashi. Wanda ya kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri ya fito kai tsaye, zai tarar gilashinsa ya yi raɓa daidai lokacin da hasken ya fi kyau. Saboda haka ake barin jakar a rufe ta ɗumama tukuna. Kuma duk wanda ya daɗe a gaɓar nan ba ya juya wa teku baya.

Duk wannan ana iya koyonsa a littafi. Wanda ba a koyo a can shi ne zama da mutane. Tashar masunta wurin neman abinci ce, kuma matar da ke cinikin kwandon kifi ba ta fito don a ɗauke ta hoto ba. Da yawa suna ƙi, hakkinsu ne. Mai basira yakan fara da gaisuwa, kyamara na rataye a kafaɗa, ya nemi sarkin masunta, wanda a harshen Fante ake kira apofohene, ya faɗi abin da ya kawo shi. Idan ya dawo ya zo da hotunan da ya wanke ya ba masu su. A haka ake kai shi bayan gidaje inda mata ke bandar kifi, inda hayaƙi ke tsaga hasken safe, musamman daga Yuli zuwa Satumba lokacin da kifin sardin ke yawa. Manyan tashoshin kaya irin su Tema da Takoradi kuwa wani babi ne, sai da izinin hukuma a rubuce.

Ranar Talata masuntan Elmina ba sa fita teku, al'ada ce tsohuwa. Baƙo yakan ɗauka ya yi asarar rana, gwani kuwa ranar yake jira. Jirage duk suna gida, ana ɗinkin raga a inuwa, ana sabunta fenti, ga lokacin karanta sunaye da addu'o'in da aka rubuta a jikin katakon itacen da ake kira wawa, wanda ake sassaƙa jirgin da shi. Talatar farko ta Yuli kuma ita ce ta bikin Bakatue, ranar da ake buɗe ruwan Benya, mata su cika kwale-kwale cikin ado. Mai son wuri a kan gada ranar sai ya yi sammako.