Masu ƙirga sakan a kan ɗigon jini

Tun zamanin da, wanzaman Damagaram sun san jini iri-iri ne. Wani yaro a yi masa kaciya jini ya tsaya nan take, wani kuma a kwana ana fama. Abin da wanzami ke ganewa bayan aska ta riga ta taɓa fata, ma'aikacin labo yana gano shi tun wuƙa ba ta fito ba. Shi ya sa a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, kafin a shiga da mutum tiyata, likita kan rubuta masa awon daskarewar jini, wanda ake kira TP da TCA.

Aikin na masu natsuwa ne. Za a ɗebi jini a zuba cikin 'yar kwalba mai shuɗin murfi, wadda ke ɗauke da sitirat, maganin da ke hana shi yin guda. Kashi 9 na jini, kashi 1 na magani. In kwalbar ba ta cika zuwa layi ba, sakamakon ya ɓaci. Sai a sa ta a injin da ke wulwula ta kamar katantanwa, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan jini mai kalar ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwan za a ɗumama zuwa digiri 37, daidai zafin jikin mutum, a ɗiga masa sinadari da kalsiyam, a danna agogo. A awon TP, na mai lafiya kan kama cikin sakan 11 zuwa 14. In ya yi jinkiri, to hanta ce ta gaji, ko bitamin K ya yi ƙasa, ko maganin tsinka jini ya yi yawa. Armand Quick, likita Ba'amurke, ya ƙirƙiro awon TP a 1935.

Ga zafin bazara da kan haura digiri 40, ga sinadarin da ba ya son barin firji. Duk da haka sai ma'aikatan labo sun fitar da lamba ta gaskiya.

Ƙauye ma yana da nasa awon. In kububuwa ta sari manomi, a zuba jininsa a busasshiyar kwalbar gilashi, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai maganin dafi. A Zariya David Warrell da abokan aikinsa suka kafa wannan dabara a shekarun 1970.

Ɗan'uwa, in an tura ka awon nan, kada ka ga ɓata lokaci ne. Rai ake tsarewa.