Takardar Neman Bita: Nazari Kan Ma'aikatan Laburare da Duniyoyin Cikin Kwamfuta

A al'adar ma'aikatan laburare da masu adana takardun tarihi, musamman a Amurka da Ingila, mutum ba ya tsayawa gaban jama'a a babban taron shekara sai da izini, shi kuwa izinin ba ya samuwa sai ta wata 'yar takarda da mai nema zai rubuta tun da sauran watanni, ya aika wa kwamitin tantancewa, su auna ta da sauran takardun da suka zo, su karɓa ko su mayar. Takardar tana da rukunai sanannu: take, da taƙaitaccen bayani, da abubuwan da mahalarci zai koya, da irin mutanen da aka shirya bitar dominsu, da tsawon lokaci, da kayan aikin da za a bukata, sannan ɗan tarihin masu gabatarwa. Ba ta cika wuce shafi ɗaya ko biyu ba, kuma da wuya a sake waiwayarta bayan an watse. Duk da haka, wanda yake son sanin abin da ma'abota wata sana'a suke fata da abin da suke tsoro a wani zamani, zai same shi a irin waɗannan takardu fiye da yadda zai samu a manyan littattafansu. Abin da za mu duba a nan shi ne nau'i guda daga cikinsu, wato takardun da aka riƙa rubutawa tsakanin 2006 da 2010 don neman gabatar da bita a kan duniyoyin cikin kwamfuta.

Asalin al'amarin shi ne, a shekarar 2003 kamfanin Linden Lab na birnin San Francisco, wanda Philip Rosedale ya kafa, ya buɗe wani dandali mai suna Second Life, inda mutum yake shiga ta intanet da surar mutum-mutumi mai wakiltarsa, ya yi tafiya, ya tashi sama, ya yi hira da wasu, ya hayi fili ya gina abin da ya ga dama. A watan Afrilu na 2006 wata haɗakar laburare ta jihar Illinois, mai suna Alliance Library System, ta kafa laburare a ciki, bisa jagorancin Lori Bell da Kitty Pope, wurin ya bunƙasa har ya zama tsibiran da aka sani da Info Island, inda ma'aikatan laburare daga ƙasashe dabam-dabam suka riƙa karɓa-karɓar zama a teburin amsa tambayoyi, ba da albashi ba. Daga nan zancen ya shiga tarurrukan sana'a, kowa yana son a nuna masa wannan sabon abu da ido.

Wajibi ne a rarrabe tsakanin muƙala da bita, domin a nan ne nauyin takardar yake. Mai gabatar da muƙala labari yake bayarwa na abin da ya bincika, idan ya faɗi gaskiya ya sauke nauyi. Amma mai neman bita alkawari yake ɗauka, cewa mutanen da za su bar aikinsu, a biya musu kuɗin hanya da masauki daga ɗan kasafin laburarensu, za su fita daga ɗakin sun iya wani abu da hannunsu wanda ba su iya ba da suka shigo. Saboda haka mizanin da ya kamata a auna takardar da shi ɗaya ne: shin abin da ta yi alkawari zai yiwu cikin sa'o'in da ta nema, kuma shin abin nan na sana'ar laburare ne ko kuwa na kamfanin da ya yi dandalin?

Idan aka ɗora takardun wancan zamani bisa wannan mizani, naƙasa ta farko da ke bayyana ita ce irin hujjar da da yawansu suka dogara da ita. A 2007 kamfanin bincike na Gartner ya yi hasashen cewa kafin ƙarshen 2011 kashi 80 cikin ɗari na masu yawan amfani da intanet za su kasance suna da wata rayuwa a irin waɗannan duniyoyi. Hasashe irin wannan ya zama tamkar nassi a bakin masu goyon bayan lamarin, ma'anarsa kuwa a fili take: jama'a sun nufi can, laburaren da bai bi su ba za a bar shi a baya. Wannan tsoratarwa ce, ba dalili ba. Hasashen bai tabbata ba, amma ko da ya tabbata, da bai amsa mas'alar da ta shafi ma'aikacin laburare ba, wato me zai yi wa mai neman ilmi a can wanda ba zai iya yi masa ta wayar tarho ko wasiƙar intanet ba. Abin takaici ne a ce mutanen da aikinsu shi ne koya wa ɗalibai bin diddigin madogara su ne suka karɓi hasashen 'yan kasuwa ba tare da tahakiki ba.

Naƙasa ta biyu tana cikin lissafin lokaci, kuma ba a ganinta sai an shiga ɗakin bitar. Ga mutane zaune a jere a zauren otal, kowa da kwamfutar cinya. Wannan bai riga ya buɗe asusu ba, yana ta neman sunan da zai sa wa surarsa. Wancan ya sauke manhajar amma na'urarsa ba ta da ƙarfin zana hotuna masu motsi. Intanet ɗin otal ya yi nauyi da aka taru a kansa, har surorin mutane suna fitowa toka-toka, gine-gine suna bayyana da kaɗan-kaɗan. Wadda ta samu shiga tana ta karo da bango, ta faɗa teku, tana ɗaga hannu a zo a nuna mata yadda ake zama bisa kujera. Kafin a tattara kowa wuri guda rabin lokaci ya tafi, sauran rabin kuma a yi shi a yawon buɗe ido daga wannan tsibiri zuwa wancan. Takardar da ta yi alkawarin cewa mahalarci zai san yadda ake hidimar masu karatu a wannan duniya, ƙarshenta abin da ta koyar shi ne tafiya da tashi sama. Masu hankali daga cikin masu shirya bita sun gane haka, suka riƙa sharɗanta buɗe asusu da gwada na'ura tun daga gida, suna kuma neman mataimaka masu zagayawa tsakanin kujeru, kuma samun wannan sharaɗi a takarda alama ce cewa mai ita ya taɓa koyar da abin a aikace.

To, ba a ce duk takardun haka suke ba, kuma adalci ya wajabta a ambaci inda aka dace. Waɗanda suka yi fa'ida su ne waɗanda suka fara daga aiki sannan suka zo ga na'ura. Akwai tsibirin HealthInfo Island, wanda aka kafa da tallafin Laburaren Likitanci na Ƙasa na Amurka don ba da bayanan lafiya, inda ta bayyana cewa mai ciwon da yake jin nauyin faɗa a fili yana iya tambaya ta bakin surarsa ba tare da an san ko shi wane ne ba. Akwai ƙungiyar Virtual Ability, wadda ta buɗe wa naƙasassu da waɗanda rashin lafiya ya tsare a gida hanyar haɗuwa da juna. Makarantar koyon aikin laburare ta Jami'ar San José a Kalifoniya, wadda ɗalibanta suke warwatse suna karatu daga nesa, ta buɗe tsibirinta a 2007, a Ingila kuma Sheila Webber ta Jami'ar Sheffield ta koyar da ɗalibai dabarun neman bayani da tantance shi a tsibirin sashenta. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mabukaci sananne da bukata sananniya, kuma bitar da aka gina bisa irinsu tana da abin da za ta miƙa wa mahalarci ko da bai sake shiga dandalin ba. Hatta teburin amsa tambayoyi na Info Island ya ba da darasi mai daraja, domin an lura cewa yawancin tambayoyin da suke zuwa a kan shi kansa Second Life ne, ba a kan littattafai ba, kuma takardar da ta faɗi wannan a fili ta fi wadda ta ɓoye shi amfani.

Amma babbar naƙasa, wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta, ita ce shirun da akasarin takardun suka yi game da kuɗi da mallaka da wanzuwa. A wancan lokaci hayar cikakken tsibiri dala 295 ce a wata, makarantu da ƙungiyoyin sa-kai suna biyan rabi. A watan Oktoba na 2010 Linden Lab ya ba da sanarwar janye wannan rangwame daga farkon 2011, cibiyoyi da dama suka rufe tsibiransu ko suka ƙaura zuwa wani dandalin mai suna OpenSimulator, kuma ko da aka mayar da rangwamen a 2013, da yawa ba su dawo ba. Tun kafin haka, Google ya buɗe tasa duniyar mai suna Lively a Yulin 2008, ya rufe ta a ƙarshen Disambar shekarar. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma laburaren da aka gina a filin da kamfani yake da ikon canja farashinsa ko tashinsa a duk ranar da ya so, haka hukuncinsa yake. Alhali kuwa wannan ita ce mas'alar da ma'aikatan laburare suka fi kowa cancantar yin fatawa a kanta, tun da yake adana ilmi don na baya shi ne asalin amanarsu. Waɗanda suka fuskance ta kai tsaye su ne masu binciken shirin Preserving Virtual Worlds, wanda Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2010, Jerome McDonough na Jami'ar Illinois yana jagora, tare da jami'o'in Stanford da Maryland da cibiyar fasaha ta Rochester. Sun tarar cewa kwafar tsibiri guda ma aiki ne ja, domin kowane abu da ke cikinsa yana da mai shi da dole a nemi izininsa, kuma ko an adana gine-gine, ba a adana hirar da mu'amalar da suka sa wurin ya zama wuri ba. Da irin wannan ilmi ne ya zama ginshiƙin bitoci tun farko, da an rage asarar lokaci da dukiya.

Zancen bai zama tarihi kawai ba. Second Life yana nan, ƙungiyar Community Virtual Library ta ci gaba da riƙe laburaren bayan Alliance ta janye hannunta, kuma tun da Facebook ya sauya sunan kamfaninsa zuwa Meta a Oktoban 2021, sai ga tsohon zancen duniyoyin cikin kwamfuta ya dawo da sabon tufafi, a wannan karo da tabarau na musamman da ake ɗaurawa a fuska. Ma'aikacin laburare a ƙasarmu da zai so ya kai irin wannan bita taron Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, sharuɗɗan da suka hau kan na Amurka sun hau kansa, har da ƙarin lissafin wutar lantarki da kuɗin data. Ya fara da ambaton mabukacin da yake nufi da bukatarsa. Ya ƙayyade abu ɗaya ko biyu da za a iya koya da hannu cikin lokacin da ya nema. Ya rubuta abin da dandalin zai ci a shekara da wanda yake da mallakar abin da aka gina. Ya faɗi inda aikin zai koma ranar da aka rufe dandalin. Ya kuma ware lokaci don ba da labarin waɗanda suka gwada ba su dace ba, da dalilin rashin dacewarsu.

Bitar da aka shirya bisa waɗannan sharuɗɗa tana iya sa mahalarci ya koma wurin aikinsa ya shaida wa shugabansa cewa wannan abu bai dace da laburarensu ba a halin yanzu, ga dalili, ga lissafi. Wannan ma nasara ce cikakkiya, domin abin da ake nema ga ma'aikacin laburare shi ne ya iya yanke hukunci bisa ilmi a kan kayan aikin da zai kashe wa dukiyar jama'a, ko hukuncin ya zama na karɓa ko na bari.