Tantabara: Inda Kiɗa Ya Sha Gaban Waƙa

A motar wani direba mai jigila tsakanin Daura da Damagaram ta Kwangwalam na fara jin Tantabara, faifan da ƙungiyar Tal National ta Yamai ta fitar a 2018 a ƙarƙashin kamfanin FatCat na Ingila. Tun kafin mu wuce Mai'adua wani dattijo ya ce a kashe, wai wannan hayaniya ce. Hukuncin nasa nake son auna wa a nan.

Jagoran ƙungiyar, Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, makaɗin jita ne da ya taɓa riƙe muƙamin alƙali. Ya tara Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kowa da kiɗan gidansu. Maimakon su tafi Turai naɗar sauti, Jamie Carter ne ya taso daga Cikago da kayan aikinsa ya same su a Yamai, kamar yadda ya yi a faifan Kaani. Tasirin wannan zaɓi a bayyane yake: ana jin makaɗan da suka saba raba dare a dandali, kowa yana sauraren ɗan'uwansa yana amsa masa nan take.

A waƙar da faifan ya ci sunanta, jita takan ɗauki gajeren zubi ta yi ta nanata shi da gaggawa, ganguna su ratsa ta da wani kari dabam, kalangu kuma ya shiga tsakani. Kunnen da ya san kiɗan Sallar Gani a ƙofar fadar Daura, inda makaɗa da yawa ke tashi lokaci guda ba tare da sun rikice ba, ba zai ji baƙunta ba.

Sai dai dattijon yana da hujja. Mun taso a kan Shata da Narambaɗa, inda magana ke gaba kiɗa na biye. A nan murya takan nutse, kuma saurin ba ya barin mai sauraro ya numfasa, balle ya tauna baiti. Wannan naƙasu ne, ba zan ɓoye ba.

Duk da haka ina tare da faifan. Yawancin waƙoƙin da ke wayoyinmu yau kwamfuta ce ke kaɗa su, har makaɗin kalangu ya fara rasa gayyata a bikin unguwarsu. Tal National sun ba shi gurbi kusa da jitar lantarki, kuma ya riƙe gurbin.