Sassabin Zamani da Ma'aikatan da Suka Kai Shi Gona

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a yau zai ga gonakin gero cike da gawo da kalgo da sabara. A farkon shekarun 1980 yawancin wannan yanki fili ne fetal, iska na kwashe ƙasa, rairayi na binne shuka, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Masana irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, da suka gwama hotunan sama na dā da na yanzu, sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo a kudancin Nijar ta kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. An sha yin rubutu kan itatuwan. Waɗanda ba a cika waiwaya ba su ne ma'aikatan ƙungiyoyin sa kai da suka yi ta zarya tsakanin ƙauyuka, da irin salon aikin da suka bari.

Kafin wannan lokaci, aikin kare ƙasa fuska biyu gare shi. Ta farko ita ce ta malamin daji. Dokar gandun daji da aka gada daga Turawan Faransa ta bar iko da itatuwa a hannun hukuma, har manomi na iya biyan tara don ya sari icen da ke tsakiyar gonarsa. Ganin haka, sai ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, gudun janyo wa kansa magana. Ta biyu ita ce ta mai rabon dashe: a raini iri a leda, a loda a mota, a kai ƙauye, a dasa. Wani lokaci abin yakan yi kyau, kamar layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya ta jihar Tawa a 1975 domin tare iska. Amma a yawancin wurare rani da awaki da gara sukan cinye dashen kafin shekara ta zagayo.

Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya da a lokacin yake aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, yana cikin masu rabon dashen nan har ya kusa fid da rai. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin da ke warwatse a gonaki ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, suna toho duk shekara ana sassabe su ana ƙonewa. Daga nan aikinsa da na abokan aikinsa 'yan ƙasa ya sauya. Aka ajiye leda, aka ɗauki adda.

Ga yadda ma'aikaci ke koyar da wannan dabara da ake kira sassabin zamani. Da bazara, lokacin sharar gona, sai ya tsuguna da mai gona a gindin kututturen sabara mai rassa barkatai. Su duba tare, su zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, su sare sauran. Saran daga ƙasa zuwa sama ake yin sa don kada ɓawo ya yage. A rage ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsawon sandar, wani ma ya ɗaura tsumma don mai wucewa ya san wannan ice yana da mai shi. Bayan 'yan watanni a dawo a sake gyarawa. Da yake tsohuwar saiwa ce ke shayar da tohon, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Abin da aka sare kuwa ya zama makamashi, ganyen ya zama taki.

Dabarar ba ta da wuya. Wahalar tana wajen mutane, kuma a nan ne ƙwarewar ma'aikacin take. A idon jama'a, manomin kirki shi ne mai gona fes, wanda ya bar kurmi kuwa rago ne. Tsirarun da suka fara gwadawa sun sha dariya, wasu kuma aka bi dare aka sace musu icen. Dole ma'aikaci ya zauna da mai gari da limami da dattawa, ya saurari tsoron da ake yi na inuwa da tsuntsaye masu cin hatsi, ya kai manoman wannan ƙauye su ga gonar wancan, domin gani ya kori ji. Dole kuma ya je ofishin gandun daji ya nemi a sassauta, a bar wanda ya raini ice ya mori abinsa. Wannan sassauci da aka samu a Maraɗi ya riga doka. Daga baya ne dokar karkara ta 1993, da dokar gandun daji ta 2004, da dokar shugaban ƙasa ta 2020 suka ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina.

Salon yana da nasa rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. A yunwar 1984 an haɗa sassabin da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, aka raini itatuwa wajen 500,000. Da abinci ya ƙare, aka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Abin da aka yi don buhu, da buhu yake tafiya. Waɗanda suka bar nasu, suka ga ice da harawa da ƙarin amfanin gona, su ne suka yaɗa aikin daga maƙwabci zuwa maƙwabci ba tare da an biya su ba.

Rauni na biyu shi ne yadda ake ba da labarin. Lambar yabo ta Right Livelihood da Rinaudo ya samu a 2018, tare da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo, ta dace da shi. Sai dai miliyoyin gawon da ke Magarya da Matamai da Mirya galibi manoma ne suka raine su da kansu, bisa sanin da suka gada cewa gawo na zubar da ganye da damina, ba ya danne gero, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Tun zamanin sarakunan Damagaram ake tsananta wa mai saran gawo. Ruwan sama ma ya ɗan gyaru bayan manyan fare-faren. Ƙungiyar da ta ɗauki yabon duka ta ci haƙƙin manomi.

Na uku ya fi nauyi. Idan ice ya zama na mai gona, ina makomar makiyayi da ke saro wa dabbobinsa ganye, da matar da ba ta da gona amma tana buƙatar itacen girki? A Ɗan Saga ta yankin Agye, an kafa kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da makiyaya, aka tsara ƙa'idar sara da tara. Inda ba a yi irin wannan zama ba, icen da ya kamata ya kawo albarka yana iya haddasa husuma.

Katsina da Jigawa da Zamfara ƙasarsu iri ɗaya ce da ta Maraɗi da Damagaram, kututturan ma iri ɗaya ne. Duk da haka har yanzu yawan dashen da aka raba a ranar biki shi ne ma'aunin nasara a wurare da dama, ba a komawa a ƙirga nawa suka rayu. Ƙungiyoyinmu da masu ba su kuɗi su sauya ma'auni. A ɗauki ma'aikacin da ke jin harshen mutane, a bar shi ya daɗe a yanki ɗaya har a amince da shi, a tsaya wa manomi ya samu haƙƙin icensa a rubuce, a sa makiyayi da mace a cikin shawara tun daga farko. Ma'aikacin kare ƙasa ya ci nasara ne idan ya bar ƙauye, manoma suka ci gaba da sassabin ba tare da jiran dawowarsa ba.