Katsewa da Barcin Furosesa

Injiniyoyin manyan cibiyoyin bayanai sun daɗe suna yi wa katsewa kallon tsohon yayi. Hujjarsu ita ce, duk sanda na'ura ta katse wa furosesa hanzari, sai ya saki aikin hannunsa, ya adana inda ya tsaya, ya amsa kira, sannan ya dawo. Gara, in ji su, a ware furosesa guda ya yi ta leƙen katin sadarwa ba tsayawa, yadda DPDK, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙiro, yake yi. A ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa, maganarsu tana kan hanya. Amma wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwar Zagga, da ire-iren na'urar POS masu Android da ake cire kuɗi da su a Tsamiya, bakin iyakar Binin, kanel ɗin Linux ne a cikinsu, kuma da batir suke rayuwa.

Dabarar ta girmi masu sukarta. Tun shekarun 1950 kwamfutoci suka fara amsa kiran na'urori. IBM PC na 1981 ya zo da guntun 8259A mai layi 8, agogo a layi na 0, allon rubutu a na 1. Yawancin wayoyin yau masu furosesan ARM suna da GIC, mai raba ɗaruruwan layuka.

Abin da ya fi burge ni shi ne raba aikin gida biyu. Yatsa ya taɓa fuskar waya, guntun taɓi ya ja layinsa, GIC ya miƙa lamba, furosesa ya yi tsalle zuwa kashi na farko, wanda ake kira rabin sama. A nan doka tana da tsauri: ba barci, ba jiran makullin da zai sa a kwanta, ba dogon lissafi, domin muddin ana ciki, wasu kiraye-kirayen suna tsaye a waje. Mai gida ne ya ji sallama, ya amsa daga ciki, ya sa a shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure. Zancen sai ya fito. To ga inda gizo ke saƙar: guntun taɓi yawanci a kan layin I2C yake, layi mai nawa, kuma karanta shi yana bukatar jira, abin da aka hana a rabin sama. Maganin ya shigo Linux 2.6.30 a 2009, ta hannun Thomas Gleixner: a toshe layin, a tashi wani zare na kanel wanda aka yarje masa barci, ya karanta inda yatsa ya sauka, sannan a buɗe layin. Zaren kuwa mai tsara ayyuka ne ke ba shi matsayi kamar kowane aiki. Wanda ya ce wannan kwana-kwana ce, bai taɓa sauraron karatu a waya yana latsa ta, sautin bai yanke ba.

Ambaliyar kira da masu suka ke tsoro kuwa, an riga su gani. A 1996 Mogul da Ramakrishnan suka nuna yadda fakitin sadarwa kan yi wa kwamfuta yawa har ta ƙare da amsa kira ba ta gama aikin komai. Tsarin NAPI na Linux ya biyo baya a farkon shekarun 2000: fakitin farko ya yi kira, a rufe layin, a kwashi har 64 a zagaye guda, in layi ya ƙafe a sake buɗewa. Leƙen dai ana yin sa, amma sai da dalili.

Ni a ganina ma ba sauri ne babbar ribar katsewa ba, barci ne. Furosesan da ya tabbata za a tashe shi, shi ke iya kwanciya. Kafin 2007 agogon Linux kan buga sau 100, ko 250, ko 1000 a daƙiƙa, ko da aiki ko babu, sai sigar 2.6.21 ta koya masa yin shiru idan furosesa na hutu. A garin da ake biyan mai shagon caji kafin waya ta cika, wannan gyara ya fi duk wani ƙarin gudu amfani. Shi ya sa idan aka ba ni waya mai shan caji, kafin in zargi batirinta nake so in ga jadawalin katsewarta, in san wace na'ura ce ke tashin furosesa alhali fuskar wayar a kashe take.