Littafin da ke jure maimaici



In kana cikin masu son karatu a ƙasar nan, na san halinka ko ban taɓa shiga ɗakinka ba. Kana da adaka ƙarƙashin gado. A ciki akwai littattafai da ba su wuce goma ba: wani babu bango, wani gara ta ci gefensa, wani ka ɗinke shi da zare da allura. Akwai biyu ko uku da ka ba da aro tun bara, har yau kana jin nauyin tambaya. Ranar kasuwa, in ka gama sayen gishiri da sabulu, sai ƙafa ta kai ka wurin mai shimfiɗa littattafai a gefen masallaci, ka duƙa kana jujjuyawa, ko da ka san kuɗin aljihunka ba su kai ba. Da dare kuma mai ɗakinka tana cewa ka kashe fitila, kai kana cewa saura shafi ɗaya.

Mai littafi dubu yakan karanta kowane sau ɗaya ya aje. Mu ba haka muke ba. Littafi ɗaya mukan karanta shi da rani, mu sake da damina in ruwa ya hana fita gona, mu sake baɗi. Kuma da wuya ka buɗe littafi a zaure ko a fada wurin shayi ba wani ya ce maka: “Malam, ɗaga murya mu ma mu ji.” Saboda haka mudunmu na awon littafi biyu ne. Na farko, yana da daɗi a kunne? Na biyu, yana jure maimaici? Zo mu auna littattafai huɗu da na tabbata wasu daga cikinsu sun taɓa kwana cikin adakarka.

Mu fara da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda anka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Littafi uku ne, sun fito a Zariya tsakanin 1937 da 1939. Ka tuna yadda na farkon yake. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ƙulla makirci, so yake yaron ya fita daga fada a halaka shi. Babu abin da ya tsaya tsakanin Musa da mutuwa sai aku. Kullum dare yaron ya yi shirin fita, sai aku ya riƙe shi da labari har gari ya waye.

Duba wannan gini da kyau. Labari ɗaya, dare ɗaya. Kamar don mu anka auna shi: tsakanin sallar lisha da lokacin da barci zai ɗauke manomi, ka gama labari cikakke, kuma masu saurare sun san gobe akwai wani. A kunne kuwa babu kamarsa. Mutanen ciki suna magana kamar maƙwabtanka, karin magana tana faɗowa daidai inda tsoho zai jefa ta, kuma ba ka rasa numfashi a tsakiyar jimla. Na sha karanta labarin Kalala da Kalalatu ga mutanen da ba su san baƙi ko ɗaya ba, sai na dakata don dariya ta hana a ji ni.

Maimaici fa? Karon farko labaran kake bi. Karo na biyu sai ka lura aku ba ya jefa labari haka nan, yakan zaɓi wanda zai sanyaya zuciyar yaro mai gaggawa. Karo na uku sai ka gane abin da littafin ke koyarwa: yadda maras ƙarfi ke magana da mai ƙarfi. Aku ba shi da takobi, ba shi da dangi a fada, saye anka yi shi. Bakinsa kaɗai ne jarinsa, kuma da shi ya kai ga sarautar waziri. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gari ko gaban wani babba a biro, ya san darajar wannan karatu.

Wasu sukan ce ai Imam aro ya yi. Gaskiya ne. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin ƙasar Jamus, kuma akun da ke tsare mutum da labari asalinsa daga Indiya yake. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. Gyaɗa ma baƙuwa ce a ƙasar nan, amma wa zai ce ƙuli-ƙuli ba namu ba ne? Aibin da na gani daban ne, kuma ba ni na fara ganinsa ba. Wata rana ina karantawa a cikin gida, sai wata gwaggona ta ce: “Ɗana, shin wannan malamin bai taɓa gamuwa da macen da ke daka da ɗaukar ruwa ba? Daga mai makirci sai wawuya sai ɗiyar sarki.” Na koma na duba, na ga maganarta tana da ƙamshin gaskiya. Haka kuma talaka in ya yi wayo, sau da yawa ladarsa ita ce kyautar sarki. Fada ce tsakiyar duniyar littafin, mu mutanen gona a gefe muke.

Na biyu, Ruwan Bagaja, shi ma na Imam. Ya fito a 1934, bayan gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933. A kunne ya ci jarrabawa sarai. Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna cutar juna gari bayan gari, yara da manya suna ƙyaƙyatawa. Amma a karo na uku sai ka ji ka ƙoshi. Wannan ya cuci wancan, wancan ya rama, a tashi a sake a wani gari. Alhajin da ya komo da ruwan bai bambanta sosai da wanda ya fita nemansa ba. Littafi ne kamar rake: zaƙi ƙwarai, amma ba a tauna shi sau biyu. Ka ba ɗan koyo shi, zai so karatu. Kada ka zata zai ishe shi har tsufa.

Na uku, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga wannan gasa ɗaya, tun marubucin yana malamin makaranta, kafin ya zama firaministan Nijeriya. Shi wannan ba ya ba da dariya. In ka karanta shi a fada, samari za su fara duba salularsu. Amma shi ne wanda ke ƙara nauyi duk shekara. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe ya tafi da shi ƙasarsu, ya zama babban malami. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma anka kama ta anka sayar. Da sunka gamu bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu. Ina saurayi, Umar nake bi a cikin labarin. Yanzu uwar nake bi. Kuma ka tuna, hanyar ayarin Kano zuwa Tarabulus ta ƙasarmu take ratsawa. Akwai rijiyoyi a arewacin Damagaram da irin wannan uwa sunka sha ruwa a bakinsu.

Shi ma yana da nasa rauni. Umar yana karɓar duk abin da ya same shi da haƙurin da wani lokaci yakan ba mai karatu haushi, kuma mutuwar uwar ta wuce cikin ƴan layuka. Ka so a ce marubucin ya tsaya ya yi fushi da cinikin bayi. Bai yi ba. Sai dai ka lura, fushin da ya ƙi yi, kai kake yinsa in ka rufe littafin.

Na huɗu ya fito daga littattafan da ake bugawa a Kano tun wajen tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ake kira na soyayya. Kada ka rena su. Su sunka sa mata da ƴammata da yawa riƙe littafi don daɗi, ba don jarrabawa ba. Amma mafi yawansu, da ka san wa ya auri wa, sun ƙare. Wanda ya fita daban a wurina shi ne Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Miji ya kori matarsa Rabi da ƴaƴa tara don ya yi amarya, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Ga macen da gwaggona ta nema a wurin Imam ba ta samu ba. Hausarsa ba ta kai ta Imam kwalliya ba, kuma sakayyar da ta auka wa mijin ta zo daidai ƙwarai, fiye da yadda takan zo a duniya. Duk da haka, in ana karanta shi cikin gida, babu mai tashi.

To, me ya sa na ɗauke ka wannan dogon zance? Saboda akwai abin da ke cin raina. Tun 1963 anka kafa aikin yaƙi da jahilci a Nijar. Dattawa da mata sun zauna kan tabarma wata da watanni, bayan gajiyar yini, har sunka iya haɗa baƙi. Sai anka miƙa masu ƴan takardu kan taki, da awon gyaɗa, da maganin zawo. Duk masu amfani ne, ban musa ba. Amma wa ya taɓa hana idonsa barci don takardar taki? Ana karanta ta sau ɗaya a soke ta a jikin danga. Bayan damina biyu sai mutum ya ga baƙin sun fara ɓace masa, kamar hauyar da anka jingine ta yi tsatsa. Abin da ke riƙe wa mutum karatunsa shi ne littafin da yake marmarin komawa gare shi.

Ka kuma lura, duk huɗun nan daga ƙetaren iyaka sunka zo. Babu kunya a ciki, Hausa ɗaya ce, Maraɗi da Katsina ɗaki da zaure ne. Amma namu labaran fa? Sarauniyar Lugu ta tsaya gaban sojan Faransa a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, har Med Hondo ya mai da shi silima a 1986. Sai dai da Faransanci ya rubuta, wanda bai shiga lakwal ba sai labari. Ga Tanimun da ganuwar Damagaram. Ga farin 1973 da yunwar 1984, waɗanda sunka gan su suna nan da rai, suna tsufa. Ga ɗan ci-rani da ke komowa daga kurmi da rediyo ya tarar an yi wa budurwarsa aure. Littattafan Hausa da anka rubuta a nan kaɗan ne ke isowa shimfiɗar kasuwa.

Don haka ga roƙona, ɗan uwa. Littafin da ka ara, mai da shi ga mai shi, don ya sake ba wani. Wanda ke cikin adaka, fito da shi ka karanta da ƙarfi, mata da yara su ji, kuma ka saurari abin da za su ce, don kunnensu ya fi idonka kama ƙarya. In kuma ka daɗe kana karatu, to lokacin biyan bashi ya yi. Sayi kaye da alƙalami, rubuta abin da kakarka ta faɗa maka, ko abin da ya faru a garinku. In ka gama, karanta wa mutum biyar a zaure. In sun ce ka sake gobe, aiko mana da shi.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare adakarmu daga gara. Wassalam.