Tsohuwar da ta san kwanon mai laulayi

A gidajen Kankiya da Kusada, da wuya amarya ta buɗe baki ta ce ta samu ciki. Kunya ba za ta bari ba. Tsohuwar gidan ce ke ganewa: yarinya na yawan tofar da yawu, tana gudun madafi da zarar daddawa ta shiga tukunya, ga kumallo da asuba. Ba za ta tambaye ta komai ba. Kwanon yarinyar ne kawai zai canza.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta cewa "ci ki ƙoshi". Ta san yunwa na tayar da zuciya, ta kuma san cikin da ya cika dam ba ya riƙe abinci. Sai ta bi tsakani. Kafin yarinya ta sauko daga gado an miƙa mata ɗan koko mai ɗumi. Da hantsi kunun tsamiya, ludayi kaɗan. Can da rana kwaɗon rama ko na zogale, ba a cika masa mai ba. Akwai gauta a gefe don ɗacinta ya tsinke yawu, da ɓarin lemun tsami na shinshinawa idan ƙaurin suya ya taso daga maƙwabta. Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi. In yau fura ta zauna, gobe kuma ko ganinta ba a so, tsohuwa ba ta fushi, sai ta nemo wani abin. Wannan haƙurin ba kowa ke da shi ba.

Sai citta, wadda dama tana cikin kayan kokonmu, ana kawo ta daga Kachiya a kudancin Kaduna. A ƙasar Sin, likita Zhang Zhongjing ya rubuta haɗin da ke ɗauke da busasshiyar citta don mai cikin da amai ya ƙi tsaya mata, kusan shekara 1,800 da suka wuce. Har yau masu maganin gargajiyarsu na ba da shawarar abinci mai ɗumi marar nauyi, irin kunun shinkafa, tare da gudun maiƙo da sanyi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa citta cikin abubuwan da ke rage tashin zuciyar ƙaramin ciki.

Gwanar tsohuwa ta san iyakarta. Ba ta ɗura wa ƙaramin ciki jiƙon sassaƙe da saiwoyi. Ta san laulayi kan lafa wajen wata na huɗu, amma idan ko ruwa ba ya zama, fitsari ya ragu ya yi duhu, jiri na ɗibar yarinya, ba ta jiran wata ya cika. Za ka ji ta ce, "'Yar nan, ɗauko mayafinki," a nemo mota zuwa Babban Asibitin Kankiya a yi mata ƙarin ruwa, a kuma buɗe mata katin awo.